Yadda Ake Cire Tsatsa Daga Tsofaffin Kayan Aiki Na Ƙarfe

Sau da yawa sufana ko filaya ko zarto da aka tsinta a ƙasan tarkace, ya yi jawur har ba a gane rubutun da ke jikinsa, yana da sauran shekaru masu yawa na aiki a gabansa, domin abin da ido ke gani ya fi abin da tsatsar ta ci yawa nesa ba kusa ba. Na daɗe ina farfaɗo da irin waɗannan kaya, kuma na lalata da dama kafin hannuna ya faɗa. Idan na duba waɗanda na lalata, kusan dukkansu abu biyu ne suka kashe su: ko dai na afka musu da hanya mai ƙarfi alhali mai sauƙi za ta wadatar, ko kuwa na cire tsatsar sannan na yi sakaci da 'yan mintunan da ke biyo bayan wanki.

Abin da mai koyo ke bukatar sani game da tsatsa ba shi da yawa. Tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa ko laima tare da iskar oksijin, kuma gishiri yana hanzarta ta, har da gishirin da ke cikin gumin hannu. Jar tsatsa tana kumbura ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, shi ya sa noti ke cijewa a kan ƙusarsa, kuma tana da ƙofofi kamar soso, tana riƙe laima tana ci gaba da cin abin da ke ƙarƙashinta. Akwai kuma wani duhu ko baƙi-baƙi mai santsi da ake gani a jikin tsohon ƙarfen da ya sha hannu. Wannan ba ya ɓarna, kariya ma yake bayarwa, saboda haka babu dalilin kankare shi. Ƙarfen da tsatsa ta riga ta ci kuwa ba ya dawowa. Duk hanyar da ka bi, ramukan da ta haƙa suna nan.

Kayan da za a tanada

Na gogewa su ne burushin waya, da soson ƙarfe mai laushi, da samfefa. A bayan kowace samfefa akwai lamba, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kaushi: 80 da 120 na cin ƙarfe sosai, 220 matsakaiciya ce, 400 da 600 kuwa na sulɓi ne. Ka haɗa da tsohon burushin haƙori domin lunguna, da guntun katako mai shafaffen gefe da za a naɗa samfefa a kansa, da tsummoki masu yawa.

Na jiƙo su ne bokiti ko kwanon roba, domin na ƙarfe shi ma tsamin zai ci shi, da farin ruwan khal wanda wasu ke kira binega. Wanda aka saba samu yana da asid kusan kashi 5 cikin 100, kuma ya isa. Idan babu khal, garin asid na sitirik yana aiki fiye da shi ma, idan shi ma babu, ruwan lemun tsami ya wadatar ga ƙananan kaya. Kana bukatar bekin soda domin kashe tsami bayan jiƙo, da sabulu ko omo, da kananzir. Wanda zai bi hanyar lantarki zai ƙara da sodar wanki, wato garin sodiyam kabonet, da cajar batirin mota, da guntayen rodi, da waya. A ƙarshe sai man keken ɗinki ko wani mai marar kauri na inji, da giris, da kakin zuma idan ya samu.

Kada ka fara ba tare da safar hannu ta roba da tabarau na kariya ba, musamman idan za ka ɗaura burushin waya a kan inji, domin silin wayar yana tsinkewa ya yi tsalle kamar allura. Takunkumi ma wajibi ne a lokacin gogewa, ballantana idan akwai tsohon fenti a jikin kayan, tunda fentin zamanin da yakan ƙunshi gubar dalma. Idan ƙarfe mai datti ya yanke ka, ka wanke wurin sosai ka nemi allurar tetanus. Ba tsatsar ce ke kawo cutar ba, ƙwayoyin da ke cikin ƙasa da dattin da ya manne mata ne.

1. Duba kayan ka rarraba su

Ka fara da maganaɗisu. Abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, shi ne kuma wanda wannan bayani ya shafa. Alminiyam da tagulla da jan ƙarfe ba sa kama shi, kuma ba a yi musu abin da ake yi wa baƙin ƙarfe. Sannan ka kankara wuri ɗaya da bakin tsohuwar sukundireba ka ga zurfin tsatsar. Idan ta fita kamar hoda, farin ƙarfe ya bayyana nan take, ta sama ce, gogewa kawai take so. Idan ta yi kauri amma siffar kayan ba ta canza ba, ta jiƙo ce. Idan kuwa tana ɓarewa ɓawo-ɓawo, to ta yi nisa, sai jiƙo mai tsawo ko lantarki.

Akwai kayan da ba a sa su cikin tsami ko kaɗan, kuma tun yanzu ya kamata a ware su gefe. Sifirin da duk wani ƙarfe mai tauri da ke ɗaukar nauyi na cikinsu, saboda asid yana tura iskar haidirojin cikin jikin ƙarfen, ya sa shi gautsi, ya karye ba zato. Haka kayan awo irin su rula da sukwaya, domin tsami yana shafe lambobinsu. Ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, kamar kwanon rufi da wasu notuna, khal zai cinye lulluɓin ya bar shi tsirara. Mai lulluɓin kurom kuwa, wato farin lulluɓi mai ƙyalli kamar madubi, ka dunƙule takardar alminiyam ta naɗe kaya ka tsoma a ruwa ka goga a hankali, za ka ga ɗigon tsatsar yana fita ba tare da ƙyallin ya karce ba.

A nan ne kuma za ka yanke hukunci a kan abin da bai cancanci wahala ba. Sarƙa ko ƙugiyar ɗaga kaya ko gudumar da ta tsage, idan tsatsa ta ci su da zurfi, tsabtace su ba ya mayar musu da ƙarfi, kuma ran mutum ake ratayawa a kansu.

2. Warware duk abin da ke warwaruwa

Ka cire ƙota da mariƙin katako da na roba idan suna fita, domin katako yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsage, kan gatari ko na guduma ya koma yana girgiɗi. Kafin ka kwance abu mai sassa da yawa, ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe, ka zuba ƙananan sassan cikin gwangwani ɗaya.

Noti da ya cije shi ne wurin da masu koyo suka fi yin asara, saboda suna sa ƙarfi tun kafin su sa haƙuri. Ka goge zaren da ya fito waje da burushin waya, ka ɗiga kananzir ko man fesawa irin su WD-40 a daidai inda noti ya haɗu da ƙusarsa, ka bubbuga gefen notin da ƙaramar guduma domin tsatsar ta farfashe man ya samu hanyar shiga, ka bar shi ya kwana. Washegari ka sa sufana mai zobe wadda ta yi masa daidai cif, domin mai buɗaɗɗen baki tana zamewa ta cinye kusurwoyinsa. Ka fara ɗaure shi kaɗan kamar za ka ƙara matse shi, sannan ka juya baya, ka riƙa yin gaba da baya kana ƙara mai. Idan ya ƙi, sai wuta: ka goge man tas, ka gasa notin shi kaɗai domin ya buɗe ya saki ƙusar. Kada ka gasa ƙarfe mai lulluɓin tutiya, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, kuma kada ka kai wuta kusa da bakin abin yanka.

3. Wanke maiƙo

Khal ba ya ratsa mai. Duk inda giris ya manne, tsatsar da ke ƙarƙashinsa za ta fito daga jiƙo yadda ta shiga, kayan su yi dabbare-dabbare. Ka wanke da kananzir da burushi, sannan ka bi da ruwan zafi da omo har sai ruwa ya daina taruwa ɗigo-ɗigo a jikin ƙarfen.

4. Kankarewa da gogewa

Kowane irin kaya sai ya bi ta wannan mataki, ko da za a jiƙa shi daga baya, domin duk ɓawon da ka cire da hannu ka rage wa khal aiki. Ka kankare mai kauri, ka bi da burushin waya.

Idan tsatsar ta sama ce, a nan aikin zai ƙare. Ka ɗiga mai ko kananzir a jikin ƙarfen, ka goga da soson ƙarfe ko samfefa mai lamba 400, kana share jan kwaɓin da ke fitowa da tsumma. Man yana hana ƙura tashi, yana kuma hana samfefar toshewa. Ka fara da samfefa mai laushi. Idan ba ta ci ba ne za ka sauko zuwa 220. Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da 80 saboda tana da sauri, sai ta bar zane mai zurfi wanda goge shi ya fi cire tsatsar wuya. A kan shafaffen wuri kamar jikin zarto ko bayan kurfi, ka naɗa samfefar a kan katako, ka riƙa ja a tsawon ƙarfen ta fuska ɗaya. Idan ka goga da yatsa kawai za ka yi kwari a inda ya kamata ya miƙe, kuma kurfin da bayansa ya yi kwari ba ya ƙara yin kaifi yadda ya kamata. A jikin tsohon zarto sau da yawa akwai tambarin maƙerinsa da aka zana ba da zurfi ba, kuma katakon ne ke sa samfefa ta bi ta samansa ba ta shafe shi ba.

Magagari ba a sa masa samfefa, tunda haƙoransa ne amfaninsa. Burushi kawai ake bi da shi a kan layin haƙoran. Inji mai juya burushin waya yana da amfani ga shebur da diga da manyan kaya, amma ina jan kunnen mai koyo game da dutsen giranda. Yana cin ƙarfen kirki tare da tsatsar, kuma yana ɗumama shi. Da zarar bakin wuƙa ko kurfi ya fara canza launi zuwa ruwan ɗorawa, wato zafi ya haura digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, taurin da aka ba shi ya fara saki, idan ya kai shuɗi kuwa wurin ba zai ƙara riƙe kaifi ba.

5. Jiƙo a cikin khal

Ka jera kayan a cikin roba, ka zuba khal har ya rufe su ruf. Wannan sharaɗi ne mai muhimmanci, domin idan rabin ƙarfe yana ciki rabi yana waje, tsamin yana zana layi a daidai bakin ruwan, layin da samfefa ma da ƙyar take fitar da shi. Idan garin sitirik za ka yi amfani da shi, ka narkar da babban cokali biyu zuwa uku a cikin lita ɗaya ta ruwan ɗumi. Ɗumi yana hanzarta aikin, sanyi yana jinkirta shi. Ka rufe robar sama-sama, kada ka toshe ta, saboda 'yar iska tana fita.

Bayan awa biyu ko uku ka ciro ɗaya ka dirje shi da burushi. Tsatsa marar nisa takan saki a wannan lokaci, mai kauri kuwa tana iya kai awa 12 zuwa 24. Abin da za ka gani shi ne jar tsatsar ta koma baƙin kwaɓi mai shafuwa a yatsa, ƙarƙashinsa kuma ƙarfe mai launin toka. Ka dirje, ka mayar idan da saura, ka sake dubawa. Dirjewa tsakanin jiƙo da jiƙo ta fi barin kaya su daɗe a ciki amfani, domin khal ba ya bambanta tsatsa da ƙarfe. Idan ya gama da ita, kan ƙarfen yake komawa.

Na koyi wannan ne a kan wani almakashin yankan kwano da nake ji da shi. Na tsoma shi da niyyar ciro shi da safe, tafiya ta taso, ban dawo ba sai bayan kwana biyar. Na tarar da ruwan ya yi baƙi ƙirin yana wari, almakashin kuwa ya fito fes babu ɗigon tsatsa, amma duk jikinsa ya yi zanzana, bakinsa ya zama kamar na zarto idan ka bi shi da farce, gaɓarsa ta yi sako-sako har ƙarfe biyun ba sa haɗuwa su yanka. Tun daga ranar ba na jiƙa komai sai na tabbata ina gida.

Abin da ya fi ƙarfin bokiti, kamar teburin inji ko dogon zarto, sai ka jiƙa tsumma da khal ka shimfiɗa a kansa, ka lulluɓe da leda domin kada ya bushe, ka riƙa ɗagawa kana dubawa duk bayan awa ɗaya.

Akwai dabaru da ake yawan yaɗawa waɗanda ban yarda da su ba. Haɗa khal da bekin soda a kwano ɗaya yana kumfa mai ban sha'awa, amma kumfar alama ce ta cewa sun kashe juna, abin da ya rage kusan ruwa ne kawai. Zuba gishiri a cikin khal yana ƙara sauri, gaskiya ne, sai dai gishirin yana maƙalewa a cikin ramuka ya dawo da tsatsa daga baya. Ruwan batir da asid mai ƙarfi na wanke siminti kuwa, ka nisance su: suna ƙona fata, suna cin ƙarfe cikin mintuna, kuma tururin na biyun kaɗai ya isa ya sa duk ƙarfen da ke cikin ɗakin ya yi tsatsa. Kada ka kuskura ka haɗa kowane irin asid da bilic, ko da khal ne, domin iskar kulorin ce ke tashi, kuma guba ce.

Idan kana da halin sayen ruwan cire tsatsa na kanti, iri biyu ne. Akwai irin su Evapo-Rust, waɗanda ke janye tsatsa ba tare da sun ci lafiyayyen ƙarfe ba, su ne suka dace da kaya masu daraja. Akwai kuma masu asid na fosforik ko na tanin, waɗanda ke mayar da tsatsa wani baƙin lulluɓi mai tauri. Waɗannan na ƙarfen da za a yi wa fenti ne, kamar ƙofa ko ƙafar inji, ba na bakin kayan aiki ba.

6. Hanyar lantarki, ga tsatsar da ta yi nisa

Wannan ita ce hanyar da na fi so ga kaya masu lunguna da ƙarfen zubi, saboda tana ɓamɓare tsatsa ba tare da ta taɓa ƙarfen da ke ƙarƙashi ba. Sai dai tana son natsuwa, kuma a waje ake yin ta ko a inda iska ke kaɗawa sosai, domin tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta.

Ka cika bokitin roba da ruwa, ka narkar da babban cokali ɗaya na sodar wanki a kowace lita 4. Idan babu sodar wanki, ka baza bekin soda a faranti ka gasa ta a tanda mai zafin digiri 200 na kimanin awa ɗaya, za ta koma sodar wanki. Ka jingina guntayen rodi uku ko huɗu a kewayen bokitin ta ciki, kawunansu a waje da ruwa, ka haɗa su duka da waya ɗaya. Ka kankare wuri kaɗan a jikin kayan da za ka tsabtace har farin ƙarfe ya fito, ka ɗaura masa waya a nan, ka rataye shi a tsakiyar ruwan daga sandar katako da ka gitta a bakin bokitin. Kada ya taɓa rodi ko ɗaya.

Yanzu sai haɗa caja mai ƙarfin wuta bolt 12, kuma a nan ne ba a son kuskure: baƙin kai, wato mai alamar ragi, shi ke zuwa kan kayanka, jan kai mai alamar tarawa kuma kan rodi. Idan ka juya su, kayanka ne za su narke, rodin ya fito fes. Ka tabbata jan kan yana waje da ruwa, in ba haka ba shi ma zai cinye. Sai ka gama haɗa komai za ka kunna, kuma sai ka kashe za ka taɓa wani abu. Cikin minti ɗaya ko biyu za ka ga ƙananan kumfa suna tashi daga jikin kayan, bayan 'yan awoyi kuma jar kumfa mai datti ta taru a saman ruwan. Idan ba ka ga komai ba, yawanci wayar ce ba ta kama ƙarfe sosai ba, ko kuwa cajar irin ta zamani ce wadda ba ta sakin wuta sai ta ji batir. Tsohuwar caja marar wayo ta fi dacewa da wannan aiki.

Lantarkin yana aiki ne a gefen da ke fuskantar rodi, shi ya sa ake kewaye bokitin da su, ake kuma juya kayan idan wani gefe ya rage. Awa shida zuwa kwana ɗaya ya ishi yawancin kaya. Rodin zai yi kauri da datti aikin ya ragu, sai ka kashe caja ka kankare shi. Abu biyu ne haramun a nan. Kada ka sa ƙarfen sitenles, wato farin ƙarfen da ba ya tsatsa, a madadin rodi, domin yana sakin gubar kuromiyam a cikin ruwan. Kada kuma ka sa gishiri a madadin soda, saboda kulorin zai tashi. Ka sani kuma cewa wannan hanya tana ɗaye fenti, tana ɓata alminiyam, kuma ita ma ba ta dace da sifirin ba.

7. Kashe tsami, ɗauraya da busarwa

Ƙarfen da ya fito daga jiƙo tsirara yake, babu mai babu komai a jikinsa, kuma a gaban idonka zai fara yin ja. Zarto na farko da na wanke na jingine shi ya tsane, na je na dawo cikin abin da bai kai minti goma ba, na same shi ya yi ruwan goro tun daga kai har gindi. Saboda haka ka tanadi tsumma da mai a kusa tun kafin ka ciro kayan, kuma ka riƙa gamawa da ɗaya kafin ka ciro na biyu.

Wanda ya fito daga khal ko sitirik, ka dirje baƙin kwaɓin a cikin ruwa, ka tsoma shi minti goma a ruwan da aka narkar da babban cokali biyu na bekin soda a kowace lita. Idan babu soda, tataccen ruwan toka yana yin wannan aiki. Wanda ya fito daga lantarki ba ya bukatar wannan, dirjewa da ɗauraya kawai. Ka yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan zafi sosai, domin ƙarfe mai zafi yana busar da kansa. Ka share da tsumma nan take, ka bi gaɓoɓi da ramukan zare da na'urar busar da gashi, ko ka ɗora kayan a kan wani ƙarfe da rana ta gasa. Ruwan da ya ɓuya a cikin gaɓar filaya shi ne ke sa ta sake cijewa bayan mako guda. Idan 'yar jar hoda ta riga ka, kada ka damu, soson ƙarfe da mai suna share ta.

8. Gyaran fuska da kaifi

Launin tokar da jiƙo ke bari ba aibi ba ne, amma idan kana son haske sai ka bi da samfefa 400 sannan 600 tare da mai. Kada ka bi ramuka kana son shafe su duka, domin sai ka cinye ƙarfen da ke kewaye da su kafin ka kai gindinsu. Inda rami ke da illa shi ne a kan bakin abin yanka. A nan sai ka wasa a kan dutse har ka wuce shi. Filaya da almakashi kuwa, ka ɗiga mai a gaɓar ka riƙa buɗewa da rufewa, za ka ga man yana fitowa ja, ka share ka ƙara, har sai ya fito da launin da ya shiga.

9. Shafa mai da ajiya

Tun ƙarfen yana da ɗumi ka shafe shi da mai marar kauri, ka bar shi ya shiga ramuka, sannan ka share har ya zama kamar babu, domin mai da ya yi yawa ƙura yake tarawa, ƙura kuma tana riƙe laima. Zaren noti da gaɓoɓi giris suke so. Jikin zarto da teburin inji da duk abin da ke taɓa katako, kakin zuma ya fi dacewa da su, tunda ba ya ɓata katakon da maiƙo. Man girki yana yin danƙo ya yi wari idan ya daɗe, baƙin man da aka juye daga inji kuwa yana da datti mai cutarwa, ban ga dalilin sa shi a abin da hannu ke riƙewa kullum ba. Idan ka shafa wa ƙota man linsid, wato wani man shafa wa katako, ka baza tsumman a fili ya bushe ko ka nutsar da shi a ruwa, domin idan aka dunƙule shi aka jefar yana iya ɗumama ya kama wuta da kansa. Abin da za a yi wa fenti kuma ba a sa masa mai ko kaɗan. A ranar da ya bushe ake shafa masa fentin ƙasa mai hana tsatsa.

Wajen ajiya, ka ɗaga kaya daga ƙasa da daɓen siminti, ka rataye su ko ka sa su a akwati. Kada ka bar wuƙa ta daɗe a cikin kuben fata, domin fata tana jan laima. 'Yan ƙullin ƙwayoyin silika da ake samu a cikin kwalin sababbin takalma da na'urori suna shanye laimar akwati, kuma idan sun ƙoshi ana gasa su a tanda marar zafi sosai a sake amfani da su. Ni dai ina ajiye tsumma mai ɗan mai a cikin gwangwani mai murfi kusa da inda nake aiki, duk abin da na taɓa da hannu mai gumi sai na bi shi da shi kafin na mayar, lokacin damina kuma ina buɗe akwatin duk bayan mako biyu in duba ƙasansa, domin daga can take farawa.